Yadda ake kula da hular konekta da goge kan faiba kafin a jona

Jama'a barkanmu da war haka. Wannan rubutun na yi shi ne saboda masu aikin jan faiba, wato wayar gilashi da haske ke bi ta cikinta, da haɗa wa mutane intanet a gidaje da ofisoshi, musamman ƙannenmu da suka shigo harkar kwanan nan, sai kuma wanda aka sa wa faiba a gida yana son sanin abin da zai taɓa da wanda zai bari. Maganar a kan wata 'yar roba ce da kowa ya raina, hular nan da take zuwa a kan konekta, wato kan wayar da ake sokawa a na'ura, wadda in ka je inda aka gama aiki zaka gansu warwatse a ƙasa an tattake, da kuma yadda ake goge kan konektan shi kanshi. Sau da yawa abin da kwastoma ke kira "netwok ba kyau" ko "rauta ta lalace", in ka bi diddigi zaka tarar datti ne kawai ya zauna a bakin gilashi, kuma mu masu aikin ne muka sa shi da hannunmu ranar da muka jona.

Bari mu fara da girman abin da muke magana a kai, domin in ka gane wannan sauran duk zai zo maka da sauƙi. Faibar da ake ja zuwa gidaje, wadda ake kira singil mod, gilashinta gaba ɗaya faɗinsa maikuron 125 ne, maikuron ɗaya kuwa shi ne ka raba milimita ɗaya gida dubu ka ɗauki ɗaya. Toh ba ma duk 125 ɗin haske ke bi ba, a tsakiya akwai 'yar hanya mai faɗin maikuron 9 kacal, ta nan duk bidiyon kwastoma da kiransa da tiransifarsa suke wucewa. Silin gashin kan mutum yana kai maikuron 50 zuwa 100. Kaga kenan ƙwayar ƙura guda ɗaya da idonka ba zai taɓa gani ba ta isa ta rufe rabin hanyar ko ma duka. Ita malti mod da ake amfani da ita a cikin ɗakin saba hanyarta ta fi faɗi, 50 ko 62.5, amma ita ma ba ta tsira ba.

Kuma ba tare haske kawai dattin ke yi ba. Farin tsinken nan na bakin konekta da ake kira ferul, akwai sifirin a bayansa, in ka jona biyu a cikin adafta, wato ɗan bututun da ke haɗa konekta biyu, sifirin ɗin yana danna su sosai har gilashi ya haɗu da gilashi ba iska a tsakani. In ƙwayar yashi ta shiga tsakani, ko dai ta hana su haɗuwa sai a samu 'yar tazara haske ya riƙa komawa baya yana damun lezar da ta turo shi, ko kuma matsin ya murƙushe ta ta watse ta karce gilashin ko ta nutse a ciki ta bar rami. Wannan ramin kuwa ba abin da zai goge shi, sai dai canji. Abin takaicin ma, konekta mai datti guda ɗaya duk wanda ka jona shi da shi sai ya shafa masa, dan haka fach kod ɗin gwajinka, wato gajeriyar wayar faiba mai konekta a kai biyun, in ya ƙazantu, haka zaka yi ta raba datti gida gida kana murna kana aiki. Inda hasken ke da ƙarfi kuma, kamar bayan amfilifaya, na'urar ƙara wa haske ƙarfi, dattin ƙonewa yake ya manne a gilashin.

Mu a arewa matsalar ta fi tsanani saboda hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laushi gareta sosai, tana rataye a iska ko a cikin ɗakin da aka kulle. Ga bushewar iska da ke sa roba da ferul su tara wutar nan ta sitatik, irin wadda in ka cire rigar sanyi da dare kake jin ƙas ƙas, ita kuma wannan wutar janyo ƙura take. Ga basilin da man shafawa da kowa ke laftawa a hannu saboda kaushi. Duk wanda ya yi aikin faiba a Kano ko Katsina ko Maraɗi a watan Janairu ya san me nake faɗa.

Kayan da zaka tanada

Biron gogewa, wanda ake dannawa ya yi ƙara sau ɗaya. Iri biyu zaka nema domin ferul ɗin ba girmansu ɗaya ba: konekta irin SC da FC da ST milimita 2.5 ne, irin LC kuma da ake sokawa a SFP, ɗan ƙarfen nan mai aika haske da karɓarsa da ake cusawa a suwic na netwok, milimita 1.25. Biron wannan baya yi wa wancan. Sai kaset na gogewa, ɗan akwati ne mai ƙyalle a ciki, kana danna hannunsa sabon wuri ya fito, akwai Cletop da ire-irensa. Sai tishu marar gashi irin su Kimwipes, da tsinkayen goge cikin adafta su ma 2.5 da 1.25, da ruwan gogewa, ko dai wanda aka yi musamman don faiba ko kuma IPA, wani irin sipirit ne, mai kashi 99. Sai fawa mita, na'urar auna ƙarfin haske. Sai kuma babbansu, sikof, wato madubin duba kan faiba mai ƙara girma sau 200 ko 400, wanda ya fi shi ne mai kyamara da ke nuna hoton a allo ko a waya. Na san yana da tsada kuma yawancin yaranmu basu da shi, zan faɗi abin yi in babu shi, amma duk ogan da ke da ma'aikata a fili ya kamata ko guda ɗaya ne ya saya wa tawagarsa, zai rage kuɗin man mashin da ake ƙonawa wajen komawa gidan kwastoma ɗaya sau uku.

Sai abu na ƙarshe da ba a saye da tsada: 'yar leda mai zif ko ɗan gwangwani mai murfi, mai tsafta, wanda ba a sa komai a ciki sai huluna.

Abubuwan da ba a kusantar kan faiba da su kuwa: gefen riga, hankici, tishun bayi, auduga, tsinken goge kunne, yawu, da hura iska da baki. Hurawar nan ita ce aka fi yi kuma tururin baki yana barin danshi da ƙananan ɗigon yawu da ke bushewa a kai. Haka sipirit ɗin kemis, wanda ake goge wurin allura, yana da ruwa da wasu abubuwa a ciki, in ya bushe sai ya bar shaida. Ko IPA mai kyau ɗin ma in ka bar kwalbar a buɗe tana zuƙar danshi daga iska ta lalace, dan haka ƙaramar kwalba mai rufuwa gam ta fi.

Maganar hula

Nan zan ɗan daɗe domin nan ne ake yawan kuskuren fahimta. Hular aikinta ta kare kan ferul daga gogar wani abu, daga yatsa, daga faɗuwa ƙasa, da kuma ƙurar da ke sauka daga iska. Wannan tana yinsa sosai. Amma ganin hula a kan konekta ba ya nufin kan yana da tsafta. Murfin kwano yana hana ƙuda faɗawa a miya, amma ba shi ke wanke kwanon ba. Hulunan nan a masana'anta ake zubo su dubbai, ana shafa wa abin zubin wani mai don kar robar ta manne, a zuba su a buhu, kuma robar in ta sha zafi, kamar a cikin but ɗin mota ko akwatin falwaya da rana ke duka, tana iya fitar da wani maiƙo da ke sauka a kan gilashin. Lokacin da kake zare ta ma gogar roba da ferul tana tayar da sitatik. Shi ya sa sabon fach kod fil daga leda, ba wanda ya taɓa buɗewa, ka sa a sikof sai ka ga datti. Dan haka ƙa'idar ita ce sabo ko tsoho, da hula ko babu, sai an duba, in da datti an goge, kafin a jona.

Hulunan kala kala ne kuma kowacce da wurinta. Akwai 'yar siririya da ke shiga kan ferul kaɗai, akwai wadda ke rufe kan konektan gaba ɗaya, akwai toshiya da ake cusawa a bakin adafta a jikin ODF, wato akwatin da ake jera adaftoci, ko akwatin siplita mai raba layi ɗaya zuwa gidaje da yawa, akwai baƙar robar da ke zuwa a bakin SFP, FC kuma wani lokacin tasa ta ƙarfe ce mai zare da ake murɗawa. MPO mai faiba 12 ko 24 a kai ɗaya shi ma da tasa daban da abin gogewarsa daban. Kar ka tilasta hular LC a kan SC, kar kuma ka sa ta SC a kan LC tana lilo ka ce ai ta rufe. In kana da zaɓi wajen saye, toshiyar adafta mai ɗan haske-haske ta fi, domin in ka haska jar tocilar gwaji daga ɗaya ɓangaren zaka ga ta yi ja ka gane layinka ba tare da ka cire ta ba. Akwai kuma adafta mai ƙyaure da ke rufe kansa da zarar ka zare konekta, yana da kyau a gidajen da akwai yara.

Yadda zaka riƙe hula: ka zare ta a miƙe ba tare da bakinta ya goga saman gilashin ba, ka jefa ta a ledar nan mai zif ka rufe. Ba a aljihu ba, aljihu cike yake da gashin yadi da ɓurɓushin goro da gyaɗa. Ba a baki ba, na san hannu biyu basa isa in kana saman tsani amma haƙuri zaka yi. Ba a ƙasan akwatin kayan aiki ba. Wadda ta faɗi ƙasa a kan turɓaya ka ɗauka ta tashi daga aiki, domin ƙurar da ta shiga cikin ramin hula kai tsaye kan gilashi zata koma. In dole sai ita, ka wanke cikinta da IPA ka kife ta a kan tishu marar gashi ta bushe sarai tukuna. In hula ta ɓace gaba ɗaya kar ka naɗe kan da salatif ko baƙin tef, gam ɗinsu ya fi ƙura wuyar fita, gara ka sa kan a cikin sabuwar 'yar leda mai tsafta ka ɗaure ta daga baya a jikin wayar.

Duk bakin da ba a jona komai ba ya zauna a toshe, ko na minti biyar ne. Siplita mai baki 8 ka yi amfani da 3, sauran 5 ɗin su kasance da toshiyarsu, domin wata shida nan gaba kai ko wani zai zo ya jona sabon kwastoma a nan, in an bar su a buɗe sun sha hunturu guda, gizo-gizo da tururuwa ma sun shiga. Haka SFP da ke jikin suwic ba waya, a mayar masa da robarsa, fankar suwic ɗin jan iska take dare da rana.

Toh yanzu ga yadda ake aikin daki-daki.

Mataki na 1, idonka. Hasken da ke bin faibar gida ba a ganinsa. A tsarin GPON na faibar gidaje, hasken da ke saukowa daga OLT, na'urar da ke wajen kamfani, tsawon zangonsa nanomita 1490 ne, wanda ONT, na'urar da ke gidan kwastoma, ke mayarwa 1310, wasu layukan suna ɗauke da 1550, duk ido baya ganinsu kuma baka jin zafi balle ka ƙifta. Dan haka kar ka taɓa leƙa bakin konekta ko adafta ko SFP don ka ga "ko akwai wuta", fawa mita ce ke faɗa maka. Jar tocilar gwaji mai 650 ana ganinta amma ita ma leza ce, a bango ko takarda ake haska ta. In sikof ɗinka irin na sawa a ido ne, sai ka tabbata ɗaya ƙarshen wayar a cire yake a hannunka kana ganinsa, in ba haka ba kar ka duba. Mai kyamara shi ba wannan fargabar.

Mataki na 2, wurin da hannunka. A kashe fanka, in ana shara a ɗakin a dakata, in a waje kake ka juya wa iska baya ka sa jikinka ya kare akwatin. Ka wanke hannu da sabulu ya bushe, musamman in ka shafa mai ko yanzu ka gama da ƙosai. Ka fito da biro da tishu da komai ka ajiye kusa kafin ka buɗe ko da hula ɗaya, saboda abin da ake so shi ne lokacin da kan zai zauna a buɗe ya zama kaɗan ƙwarai. In aikin ya haɗa da fasa bango da dirila, a gama fasawa ƙura ta kwanta a share tukuna, jona faiba shi ne aikin ƙarshe.

Mataki na 3, cire hula ka duba. Baki ɗaya zaka buɗe a lokaci ɗaya, ba wai ka bi layin ODF ka cire toshiya 24 ka tara ba. Ka sa kan a sikof da bakin da ya dace, ka lura konekta mai kalar kore yana da nasa bakin daban saboda a karkace yake. Zaka ga babban da'ira, shi ne gilashin 125, da ɗan ɗigo a tsakiya. Akwai ƙa'idar duniya a kan wannan, IEC 61300-3-35, ta raba fuskar gida-gida, kuma a singil mod wurin da ya fi tsanani shi ne maikuron 25 na tsakiya, nan ba a son ganin komai. Sikof na zamani da kansa yake cewa ya wuce ko ya faɗi. In naka baya yi, ga yadda zaka karanta: baƙaƙen ɗigo ƙura ce, abu kamar ɗigon ruwa-ruwa ko shafe-shafe maiƙon yatsa ne, zobe zagaye shaidar ruwan gogewa ne da ya bushe a kai ko kuma an jona shi da danshi, siraran layuka miƙaƙƙu karce ne, ɗigon da ka goge ka goge yana nan wuri ɗaya bai motsa ba rami ne. Kuma dattin da ke can gefe kar ka ce ai ba a tsakiya yake ba, in aka jona aka cire yana matsowa. In ka duba ka ga fes, kar ka goge, jona abinka. Gogewa ba dalili ita ma tana iya kawo datti.

Mataki na 4, busasshiyar gogewa. Ita ake farawa da ita. In da biro ne kuma kan fach kod zaka goge, ka buɗe ɗan murfin saman kawai ka bar jagoran a jikin biron, ka soka ferul a ciki, ka danna a miƙe har ka ji ƙas, ka saki. Zaren ciki yana juyawa yana matsawa gaba da kansa, dan haka kowace dannawa sabon wuri ne. Sau ɗaya ko biyu ya isa, masu dannawa sau goma zare kawai suke ƙararwa. In da kaset ne ka danna sabon ƙyalle ya fito, ka ɗora kan ka ja sau ɗaya ta hanya ɗaya da ɗan matsi kaɗan, kar ka yi gaba da baya, kar ka maimaita inda ka riga ka bi. Kore, wato APC, fuskarsa a karkace take da digiri 8, sai ka ɗan karkata hannunka har ka ji fuskar ta kwanta daidai a kan ƙyallen, in ba haka ba gefe ɗaya kawai kake gogewa. In tishu ne ka ninka shi ka ɗora a kan wani abu mai ɗan laushi mai tsafta, ba a kan tafin hannunka ko cinyarka ba domin maiƙo yana ratsa shi, ba kuma a kan tayil ko ƙarfe ba.

Mataki na 5, sake dubawa, in bai fita ba sai jiƙa da bushewa. Maiƙo da dattin da ya bushe a kai basa jin busasshiyar gogewa, sai ma ta shafe su ta faɗaɗa. Ka ɗiga ruwan gogewa ɗigo ɗaya ƙarami a gefen tishu, ka ɗora kan konektan a wurin da ya jiƙe, ka ja shi a miƙe zuwa busasshen wuri a tafiya ɗaya. Ruwan ya narkar da dattin, busasshen wurin ya kwashe kafin ya bushe da kansa. Sirrin kenan, kar ka bar ruwan ya bushe a kan gilashi, kuma kar ka tsoma konekta a kwalba ko ka jiƙa tishu sharkaf, ruwan da ya yi yawa yana ɓuya a gefen ferul daga baya ya gangaro. A lokacin hunturu ni na fi son wannan hanyar tun farko in ba biro zan yi amfani da shi ba, saboda busasshen tishu a busasshiyar iska yana caza ferul da sitatik, ka gama gogewa ƙura ta dawo da gudu, ɗan danshin nan kuwa yana kashe cazar. Ka sake dubawa. In ka yi haka sau biyu zuwa uku abu yana nan, musamman a tsakiya, ka daina wahalar da kanka, karce ne ko rami. Fach kod ne a canza, figtel ne, wato mai konekta a kai ɗaya da ake haɗe ɗaya kan da babbar waya, a yanke a sake haɗa sabo.

Mataki na 6, ɗaya ɓangaren. Wannan shi aka fi mantawa. Kowace mahaɗa fuska biyu ce, wadda ke hannunka da wadda ke ɓoye a cikin adafta ko cikin ONT, ka goge ɗaya ka bar ɗaya daidai yake da baka yi komai ba. Ka cire murfin biron gaba ɗaya har da jagoran, ka soka bakinsa a adaftan a miƙe ka danna. In tsinke ne ka soka a hankali har ya taɓa, ka juya shi ta ɓangare ɗaya 'yan zagaye, ka zare ka yar, tsinke ɗaya baki ɗaya, ba a maimaitawa. Shi tsinken yana da amfanin goge cikin bututun adaftan ma, inda biro baya kaiwa sosai. SFP kuwa a bi shi a hankali: a duba tukuna, wasu a cikinsu gilashin ruwan tabarau ne ba ferul ba, kar a zuba masa ruwa kuma kar a danna da ƙarfi, in ba datti a ƙyale shi.

Mataki na 7, jona nan take. Da ka ga fes kar ka ajiye a tebur, kar ka bari yana reto yana dukan bango, kar ka amsa waya. Ka duba kala: kore da kore, shuɗi da shuɗi. Zasu shiga juna in ka haɗa kore da shuɗi domin girmansu ɗaya, amma ɗaya a karkace ɗaya a miƙe, haske zai zube sosai kuma kana iya ɓata fuskokin biyu. Ka daidaita ɗan tudun jikin konektan da tsagar adafta, ka tura a miƙe kar kan ya daki gefe, har ka ji ya kama. In wani abu ya taso baka jona ba ka mayar da hula, toh in ka dawo daga mataki na 3 zaka sake farawa.

Mataki na 8, awo. Kafin ka auna ka goge fach kod ɗin gwajinka da bakin mitar, shi ya fi kowa yawo. A GPON irin wanda aka fi amfani da shi, ONT tana son hasken da ke tsakanin kusan -8 zuwa -27 dBm, ma'aunin ƙarfin haske kenan, ka sa mitar a 1490. Amma kar ka ga -26 ka ce ai yana ciki ka tafi, wannan a bakin rami yake, ƙura kaɗan ko lanƙwasa kaɗan jar fitilar LOS mai nuna haske ya ɗauke zata kama. Ka tuna duk 3 dB rabin hasken ne ya tafi. Mahaɗa mai kyau bai kamata ta ci fiye da 0.2 zuwa 0.5 ba, ƙa'idar TIA, ƙungiyar masana'antar sadarwa ta Amurka, ta sa iyaka a 0.75, siplita mai baki 8 kuma tana cin wajen 10 da ɗoriya, dan haka zaka iya lissafa abin da ya kamata ka gani. In a akwatin falwaya ka samu -19 a cikin gida kuma -24 alhali tazarar ba ta da yawa, kafin ka zargi waya ko ka ɗauko na'urar haɗi ka fara yanke-yanke, goge mahaɗan da ke tsakani ka sake aunawa. Ka rubuta lambar da ka bari a takardar aiki ko ka ɗauki hoton mitar, ranar da aka kira ka zaka san daga ina aka tashi.

Wanda ba shi da sikof fa? Toh tunda baka gani, sai ka ɗauka kowane kai mai datti ne. Kowace jonawa ka goge fuska biyun da biro, in kana zargin an taɓa da yatsa ka yi jiƙa da bushewa sannan ka bi da biro, ka auna kafin da bayan gogewa. Sai dai ka sani fawa mita tana nuna hasken da ya ragu ne kawai, ba ta nuna wanda ke komawa baya, dan haka lamba tana iya yin kyau layi yana ta yankewa. In ka ga haka canza fach kod ɗin ya fi sauƙi. Kuma ka kiyayi biro na bogi da ya ƙare yana ta ƙara ba zare, yawancinsu akwai 'yar taga a jiki da ke nuna abin da ya rage, ka riƙa leƙawa, kuma shi ma biron a mayar masa da murfinsa bayan kowane aiki.

Masu haɗa fas konekta, wato konektan da ake ɗaura wa waya da hannu, a fili, bayan ka feɗe rigar faibar ka goge gilashin da IPA kafin ka yanka da kiliba, abin yankan gilashin faiba, ba bayan ka yanka ba, yankakken bakin ba a taɓa shi da komai. Guntayen gilashin kuma a tara su a kwalba mai murfi, in suka shiga fata ko ido ba a ganinsu, balle a gidan da yara ke rarrafe.

Ku kuma masu gida, Alhaji da Hajiya, siririyar wayar nan mai kai kore ko shuɗi da ke shiga bayan na'urar, in ba dole ba a bar ta a jone. Ba irin wayar caja ba ce da ake cirewa a mayar kullum, duk cirewa dama ce ga ƙura. In fitilar LOS ta yi ja, cirewa da hurawa da gogewa da gefen zani ba zai gyara ba, ku duba ko wayar ta lanƙwashe sosai ko ƙofa ta datse ta ko kujera ta danne, in ba haka ba ku kira masu aikin. Ranar da aka zo haɗawa ku ce wa injiniyan ya bar muku hular wayar da toshiyar na'urar a 'yar leda, ku manna ledar a bango kusa da ita. In za a yi fenti ko za a matsar da kaya dole sai an cire, a kama jikin konektan a ja ba wayar ba, kar a taɓa farin kan, kar a bari yaro ya leƙa, a sa hula a wayar a toshe bakin na'urar, in an zo mayarwa kuma a kira wanda ke da biron gogewa ya goge duka biyun kafin ya jona.